Bil ɗin gas ya yi tashin gwauron zabo: yadda za ka gano dalili, da yadda ake canza tsohuwar hitar ruwa a Amurka

A gida mun san gas a tukunya. Ka kai ta a cika maka kilo 12.5, ka biya nan take, a yi ta girki har ta ƙare, ka sake kaiwa. A Amurka kuwa ta bututu gas yake shigowa. Ba ka ganinsa, ba ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, sai ƙarshen wata takarda ta iso da adadin da zai sa ka nemi wuri ka zauna. Duk lokacin sanyi sai an yi wannan ƙorafi a tsakanin 'yan'uwanmu, daga Bronx har Chicago, kuma shawarar da ake saurin bayarwa a ƙofar masallaci ita ce, "Alhaji, hitarka ce ta tsufa, ka canza ta." Wani lokaci hakan ne. Sau da yawa kuma mutum zai kashe dala dubu ko fiye ya sa sabuwa, wata na gaba bil ya dawo yadda yake, don tun farko ba hitar ce ke shan gas ɗin ba. Ruwa ba ya tsami banza. A auna tukuna, sannan a kashe kuɗi.

Abu ɗaya kafin komai. Idan kana jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai a gidan, ajiye wannan bincike. Gas ɗin da ke cikin bututu ba shi da wari, sinadari ake zuba masa don hanci ya kama shi, kuma wannan ya zama doka ne bayan fashewar wata makaranta a New London ta jihar Texas a 1937, inda kusan mutum 300 suka rasu, yawancinsu yara. Kada ka kunna fitila, kada ka kashe wadda ke kunne, kada ka ƙyasta ashana. Fitar da iyali, ka kira kamfanin gas ko 911 daga waje. Zuwa duba yoyon gas aikinsu ne, dare ko rana.

Fara da takardar, amma ba da dalar ba

Kuskuren farko shi ne kallon kuɗin. Kuɗi na iya hawa alhali gas ɗin da ka ƙona bai ƙaru ba. Nemi inda aka rubuta yawan abin da ka sha. Wasu kamfanoni suna rubuta "therms", wasu "CCF". Therm ɗaya zafi ne na BTU 100,000 (BTU ma'auni ne na yawan zafi), CCF ɗaya kuma gas ne mai cika ƙafa kubik ɗari, wato akwati ɗari, kowanne ƙafa ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi, kuma ya ɗan ɗara therm ɗaya da kaɗan. A lissafin gida ka ɗauke su kusan ɗaya.

Ɗauko bil na wannan wata da na irin watan a bara. Janairu da Janairu, ba Janairu da Oktoba ba. Duba kwanakin da kowanne ya ƙunsa, domin wani bil kwana 28 ne, wani 34, kuma kwana shida a tsakiyar hunturu ba ƙaramin abu ba ne. Raba yawan therm da yawan kwanaki, ka kwatanta abin da ake sha a rana.

Sai ka duba ko karatun mita na gaskiya ne ko na ƙiyasi. Wanda ya zauna a Najeriya ya san bil ɗin wuta na ƙiyasi, to a nan ma akwai shi. Kusa da lambar mita za ka ga "actual" ko "estimated", ko harafin A ko E. Idan an yi watanni ana maka ƙiyasi ƙasa da abin da kake sha, ranar da aka karanta mitar da gaske duk bashin zai sauko a takarda ɗaya. Idan kuma ƙiyasin ne ya yi yawa, ɗauki hoton mitarka ka aika musu, za su gyara.

Akwai wani wuri da mutanenmu ke yawan faɗawa. Bil kashi biyu ne: kuɗin gas ɗin kansa, da kuɗin kawo shi ta bututu. A jihohi irin su New York, Ohio, Pennsylvania da Illinois, an yarda wani kamfani daban ya sayar maka da gas ɗin, kamfanin unguwa kuma ya ci gaba da kawowa. Masu tallan waɗannan kamfanoni suna bin gida-gida, su ce a nuna musu bil, a sa hannu a takarda. Farashin watannin farko yakan yi sauƙi, daga baya ya koma mai sauyawa, ya haura. Ni kaina na taɓa zama da wani dattijo muna duba takardunsa, muka tarar da sunan wani kamfani da bai taɓa ji ba a shafi na biyu, ashe ɗansa ne ya sa hannu a ƙofar gida. Idan therm bai ƙaru ba amma farashin kowane therm ya yi sama, matsalarka tana shafi na biyu, ba a ɗakin ƙasa take ba. Kira ka tambayi yadda ake komawa, da ko akwai tarar fita.

Mai zaman haya ya ƙara tambaya ɗaya: mitar nan ni kaɗai take yi wa aiki? A gidajen da aka raba biyu ko uku, ana samun hita ɗaya tana ba kowa ruwan zafi alhali a mitar mutum ɗaya take. Jihar New York tana da doka a kan mitar haɗaka: in ka kai ƙorafi kamfanin gas zai zo ya bincika, in ya tabbata nauyin yana komawa kan mai gidan.

Bil ɗin bazara shi ke faɗin gaskiyar hita

Wannan shi ne awon da na fi yarda da shi, kuma ba ya cin ko kwabo. A Yuli da Agusta injin ɗumama gida a kashe yake. Duk gas ɗin da aka sha a waɗannan watanni na hita ne, da murhu, da injin busar da kaya in na gas ne. Wannan adadi shi ne gindin bil ɗinka. Abin da ya hau kansa a hunturu, mafi yawansa na ɗumama gida ne.

A ce Yuli ka sha therm 22, Janairu ka sha 170. Ko ka sa hitar da ta fi kowace kyau a duniya, a cikin 22 ɗin nan za ka rage wani abu, sauran kusan 150 suna nan. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce ɗumama ruwa yana cin kusan kashi 18 cikin ɗari na makamashin gida, ɗumama ɗakuna ne babba. Mu da muka taso a ƙasar rana muna son gida ya yi ɗumi sosai, sai a kai ma'aunin zafi digiri 78 ko 80 a Faranhait a bar shi dare da rana. Shawarar ma'aikatar ita ce 68 idan ana gida, kuma rage digiri 7 zuwa 10 na awa takwas a rana na iya sauke har kashi 10 cikin ɗari a shekara. Canza matatar iskar injin, toshe kafofin taga da ƙarƙashin ƙofa. Kuma don Allah, duk tsananin bil, kada a buɗe oban don ɗumama ɗaki, kada a shigo da gawayi ciki. Hayaƙin da ba ya wari, kabon monoksaid, yana kashe sama da mutum 400 a Amurka duk shekara. Wanda kuɗin ya fi ƙarfinsa ya nemi tallafin gwamnati na biyan kuɗin makamashi, wato LIHEAP, a New York ana kiransa HEAP, don irin wannan aka yi shi.

Idan kuwa na Yuli ne ya kai 60 ko 70, to nan ne za mu sauka ɗakin ƙasa. Amma yi ɗan lissafi tukuna, don kada ka zargi na'ura da abin da iyali suka sha. Kan shawa na yau da kullum yana zubar da galan biyu da rabi a minti. Wankan minti goma galan 25 ke nan, kuma ɗumama shi da tsohuwar hita yana cin kusan ɗaya bisa shida na therm. Gida mai mutum shida, kowa ya yi wanka sau ɗaya, therm ɗaya ya tafi a rana, talatin a wata, ba a sa wanki da wanke-wanke ba. In an yi baƙi na wata guda, ko an yi haihuwa ana wankan jego, dole bil ya nuna. A hunturu kuma ruwan da ke shigowa daga titi ya fi sanyi, don haka wanka iri ɗaya ya fi cin gas.

Je wurin mita

Tsohuwar mita tana da agoguna huɗu a jere, kowanne yana juyawa saɓanin na kusa da shi. In allura ta tsaya tsakanin lamba biyu, ɗauki ƙaramar, sai dai tsakanin 9 da 0 ka ɗauki 9. A ƙasansu akwai ƙananan agoguna na gwaji, an rubuta rabin ƙafa ko ƙafa biyu. Su ne masu nuna motsi nan take.

Kashe murhu da injin busar da kaya, sauke ma'aunin ɗumama gida har injin ya tsaya, a daina taɓa ruwan zafi. Manna ɗan tef daidai inda allurar gwaji take, ka jira minti goma sha biyar. In hitarka mai 'yar wutar nan ce da ba ta mutuwa, wadda ake kira failot, allurar za ta ɗan ja kaɗan, domin wutar tana cin therm uku zuwa huɗu a wata. Amma in allura tana tafiya a fili alhali babu abin da ke ci, gas yana fita wani wuri, wataƙila a bututun da aka binne zuwa gareji ko wurin gashi na bayan gida, inda hanci ba ya kaiwa. Kira kamfani a ranar.

Da wannan agogon za ka iya auna hitar ma. Hita ta galan 40 galibi tana ƙona BTU 40,000 a awa, an rubuta a jikinta. Idan ita kaɗai ke ci, agogon ƙafa biyu zai yi zagaye ɗaya a kusan minti uku. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sau nawa take tashi. Hita mai lafiya, in ba a buɗe famfo ba, takan kwana ta tashi sau ɗaya ko biyu na 'yan mintuna. In kana jin ta tana hurawa kowane rabin awa cikin dare, ruwan zafi yana gudu wani wuri.

Ruwan zafin da ke gudu a ɓoye

A nan ne aka fi zaluntar hita. Tana aikinta daidai, ruwan da ta ɗumama ne ke zurarewa, sanyi ya shigo ta sake hurawa. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da sama da galan 3,000 a shekara, in na zafi ne kuwa ka biya ruwa ka biya gas.

Da asuba, kafin kowa ya yi alwala, taɓa bututun da ke fita daga hita da ruwan zafi. Kusa da tanki zai yi ɗumi, wannan ba komai. In ka bi shi taku biyu ko uku har yanzu yana ƙuna, ruwa yana tafiya a ciki. Je mitar ruwa ka duba ɗan alamar nan mai kusurwa uku ko mai kamar tauraro. In tana juyawa alhali duk famfuna a rufe suke, dawo ka rufe bawul ɗin ruwan sanyi da ke saman hita. In ta tsaya, yoyon yana ɓangaren zafi. A gidajen da aka gina kan daɓen kankare, irin na Texas da Kalifoniya, bututun yakan huje a ƙarƙashin daɓe, alamarsa wani wuri a tsakar ɗaki da ƙafa ke jin ɗumi.

Duba bawul ɗin kariya da ke gefe ko saman tanki, mai bututu da ya sauko ƙasa. Aikinsa ya saki ruwa idan matsi ya kai 150 a ma'aunin matsi na psi, ko zafi ya kai digiri 210 a Faranhait. In ya lalace yakan yi ta ɗiga cikin magudana ba wanda ya lura. Ajiye kofi a bakinsa ka kwana. Komai ɗigarsa, kada a toshe shi. Tankin da aka toshe wa wannan kafa bam ne.

Akwai wata da ta shafe mu musamman: tiyon tsarki. Yawancinmu muna sa shi a bayi, wasu kuma suna sa mai gauraya zafi da sanyi. In an bar makullin gaurayawar a buɗe, bakin tiyon kawai aka saki, ruwan sanyi yana kutsawa layin zafi. Sai wanka ya ƙi zafi, a yi ta sakin ruwa ana jira, a ƙarshe a murɗa hita sama. Gwajinsa: rufe bawul ɗin saman hita, buɗe famfon zafi. Ya kamata ruwan ya tsaya bayan ɗan lokaci. In ya ci gaba da zuba, sanyi yana tsallakowa ta wani wuri. Makullin shawa mai hannu ɗaya da ya tsufa ma yana yin haka.

In gidan yana da ɗan famfon lantarki mai zagaya ruwan zafi don ya zo da wuri, duba ko awa 24 yake aiki. Sa masa agogo.

Yanzu dubi hitar kanta

Nemi takardar da ke manne a jikinta. Shekarar ƙira tana ɓoye a farkon lambar siriyal: wasu kamfanoni da lambobi, Bradford White da haruffa. Hitar tanki mai gas takan yi shekara 8 zuwa 12.

Saurare ta tana ci. Ƙara kamar ana soya gurguru na nufin farar ƙasa da yashi sun kwanta a gindin tanki, wuta sai ta ratsa su kafin ta kai ga ruwa. Leƙa ta ɗan gilashin ƙasa: wuta shuɗiya tsayayya ake so. Mai rawaya da lilo, ko baƙin hayaƙi a jiki, alamar rashin iska ce ko datti. Dubi saman tanki kusa da bututun hayaƙi. In zoben robar da ke gindin bututun ruwa ya narke ko ya lanƙwashe, hayaƙi yana dawowa cikin gida maimakon ya fita. Kunna turaren tsinke ka riƙe a bakin hular da ke tsakanin saman tanki da bututun hayaƙi bayan hita ta yi minti biyar tana ci. Hayaƙin turaren ya shige sama. In ya dawo fuskarka, kashe hitar ka kira ma'aikaci.

Sai zafin ruwa. Tara a kofi ka sa ma'aunin girki. Digiri 120 a Faranhait, wato 49 a Salshiyas, shi ake so. A 140 fata tana ƙonewa sosai cikin daƙiƙa shida, kuma fatar yaro ba ta kai haka ba. Kada kuma a sauke ƙasa da 120, don ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a ruwa mai ɗumi-ɗumi.

Ga yadda nake yanke hukunci. Failot da ke yawan mutuwa, bawul mai ɗiga, famfon gindin tanki mai yoyo, duk gyara ne mai sauƙi in hitar ba ta kai shekara takwas ba. Amma ruwa yana tsattsafowa daga jikin tanki ko ƙarƙashinsa, ko ruwan zafi kaɗai yana fitowa da tsatsa, wannan ba shi da gyara. Hitar da ta wuce shekara goma sha biyu kuma tana zaune inda fashewarta za ta jiƙa kafet ko silin maƙwabci, ni canza ta zan yi tana aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda tankinsa ya fashe daren Asabar ba ya zaɓen hita, ba ya ciniki, abin da ke motar mai gyara shi zai karɓa.

Wace za ka saya

Mafi sauƙi shi ne tanki a madadin tanki. Kada ka tsaya a galan kawai, duba takardar nan mai ruwan ɗorawa inda aka rubuta yawan ruwan zafin da za ta iya bayarwa a awar farko, ka kwatanta da safiyar gidanku lokacin da kowa ke shirin makaranta da aiki. Duba kuma lambar UEF, wadda ke nuna tsimin hita, mafi girma mafi tsimi: tanki na yau da kullum yana wajen 0.60 da ɗoriya, marar tanki daga 0.80 zuwa sama da 0.90. Auna wurin da tef kafin ka biya, domin tun dokar 2015 an ƙara wa tankuna kaurin rufi, sun ƙara faɗi da tsawo da inci ɗaya ko biyu, ana sayowa a tarar ba ta shiga ɗakinta. Ka tabbata ta gas ɗin bututu ce, ba ta furofen ba, wato irin gas ɗin tukunya. Ba a musanya su.

Marar tanki tana da daɗi ga babban iyali, ruwa ba ya ƙarewa, kuma ba ta ƙona gas tana gadin ruwan da ba a buƙata. Sai dai tana jan BTU 150,000 zuwa 199,000 a lokaci ɗaya, kusan ninki huɗu ko biyar na tanki, don haka sau da yawa sai an canza bututun gas da na hayaƙi, wani lokaci har mita. In gindin bil ɗinka therm 20 ne, za a daɗe kafin ta mayar da kuɗinta. Akwai kuma ta lantarki mai zuƙo zafi daga iskar ɗaki, tana da tsimi ƙwarai, amma tana son fili, kuma galibi da layin wuta na bolt 240. Tambayi kamfanin gas ko na wuta ko suna mayar da wani abu ga wanda ya sa mai tsimi.

Wani gargaɗi: in an taɓa canza maka injin ɗumama gida zuwa sabon da ke fitar da hayaƙi ta bututun roba a bango, hitarka ta rage ita kaɗai a tsohuwar hanyar hayaƙi mai faɗi, kuma zafinta kaɗai ba lallai ya iya tura hayaƙin sama ba. Sa a duba, wataƙila sai an zura siririn bututu a ciki.

Ranar aiki

Ɗan haya ba ya taɓa hita, haƙƙin mai gida ne. Mai gidan kansa kuma ya sani kusan ko'ina sai da takardar izini, kuma a birnin New York da jihar Massachusetts mai lasisi kaɗai doka ta yarda ya taɓa bututun gas. Ko inda aka yarda ka yi da kanka, shawarata ka bar wa mai lasisi gas da hayaƙi. Wani zai ce akwai ɗan'uwa da ke yi a rabin kuɗi ba takarda. Araha ba ta ado, kuma in gobara ta tashi kamfanin inshora zai tambayi wanda ya yi aikin. Karɓi farashi daga mutum biyu ko uku a rubuce, ka tambaya ko ya haɗa da izini da kwashe tsohuwar. Ga yadda aikin ke tafiya, don ka tsaya a kai da ido.

A murɗa makunnin hita zuwa OFF, a rufe bawul ɗin gas, hannunsa ya gitta bututu. A saki ruwan zafi a famfo har ya huce, sannan a rufe ruwan sanyi, a ɗaura tiyo a famfon gindi zuwa magudana, a buɗe famfon zafi ɗaya a sama don iska ta shiga. Galan 40 na ruwa ya kai kilo 150, ba a motsa tanki sai ya zube. In laka ta toshe famfon, sai an zokale ko a ja da famfon lantarki.

A kwance gas da sufana biyu, ɗaya na riƙe ɗaya na juyawa, a toshe bakin. A cire bututun hayaƙi, a kwance ko a yanke na ruwa, a fitar da tsohuwar. Kafin sabuwa ta zauna a shimfiɗa farantin tarar ruwa mai bututu zuwa magudana. A Kalifoniya dole a ɗaure tanki da bel biyu a bango saboda girgizar ƙasa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

Wajen haɗa ruwa, a sa sabon bawul a layin sanyi, kada a yi walda kai tsaye a bakin tanki don akwai roba a ciki. A auna matsin ruwan gidan: in ya wuce psi 80 sai an sa mai rage matsi, kuma in akwai shi ko wani bawul mai hana ruwa komawa titi, sai an ƙara ɗan tankin nan mai karɓar kumburin ruwa. Rashinsa ne ke sa sabuwar hita ɗiga tun makon farko. Bututun bawul ɗin kariya ya sauko har kusan inci shida daga ƙasa, bakinsa a buɗe.

Hayaƙi shi ne wurin da zan roƙe ka ka fi sa ido. A yi amfani da sabuwar hular da ta zo da hitar. Bututun ya riƙa hawa, aƙalla kwatan inci a kowace ƙafa, babu inda ya sunkuya, kowace mahaɗa da sukurori. Wanda ya yi tsatsa a jefar. A ɓangaren gas, sabon tiyon ƙarfe za a sa, ba a maimaita tsoho, da ɗan gajeren bututun da ke kallon ƙasa mai tare datti kafin makunni. In an buɗe gas a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, kumfa mai girma yoyo ne. Ba a gwada gas da wuta.

A cika tanki kafin a kunna. Buɗe famfon zafi, a cire 'yar matatar bakinsa, a bar ruwa ya zuba har ya daina tari. Sannan a bi umarnin kunnawa da ke jikin hitar. Failot na iya ƙin kamawa sau biyu ko uku saboda iskar da ke bututu. A cikar farko za ka iya jin ɗigo yana faɗawa kan wuta yana ƙara, raɓa ce daga sanyin tanki, tana ɗaukewa in ruwa ya yi zafi.

Kafin mai aikin ya tafi, a rufe tagogi, a kunna fankar kicin da ta bayi da injin busar da kaya gaba ɗaya, a sake gwajin turaren tsinke. A wannan yanayi ne hayaƙi ya fi dawowa. A saita 120, a auna a famfo. A sa na'urar ƙararrawar kabon monoksaid kusa da ɗakunan kwana da kowane bene. Kuma ka tabbata mai duba aiki na hukuma ya zo ya sa hannu, kada takardar izini ta tsaya a buɗe.

Sauran na hannunka ne. Rufe ƙafa shida na farko na bututun ruwa da soso, amma ka bar tazarar inci shida daga bututun hayaƙi. Kada a ajiye fetur, fenti ko tarin kwali kusa. Sau ɗaya a shekara zubar da bokiti biyu ko uku ta famfon gindi har ruwan ya fito garau. Bayan shekara uku a ciro sandar anod da ke saman tanki a duba, ita ce ke ruɓewa a madadin ƙarfen, in ta cinye har waya ta fito a sa sabuwa. Rubuta ranar da aka sa hitar a jikinta da maka, ka adana rasit da lambar siriyal don garanti, in Yuli ya zo kuma ka ajiye bil ɗinsa kusa da na Yulin bara ka duba therm.